Tarihin "Danna Ka Samu Kuɗi": Daga 1999 Zuwa Hamster

Yau ba gyaran waya za mu koya ba, ɗan tarihi zan ba ka. A satin nan wani yaro ya kawo min waya, batirinta ya kumbura har ya ɗaga murfin baya. Ya ce wata uku yana buga wani wasa tana jikin caji, wai idan makinsa ya kai dala 100 zai cire. Ya maƙale a 97, kuma abin da ake ƙara masa kullum raguwa yake. Shi a ganinsa sabon abu ne. Wallahi harkar nan ta girme shi.

A 1999 aka buɗe wani kamfani a Amurka mai suna AllAdvantage. Za ka sa wata 'yar manhaja a kwamfutarka tana nuna talla a gefe, su kuma su biya ka santi 50 a kowace awa da ka yi a intanet. Idan ka kawo wani, kana da kaso a cikin awanninsa. Ka ga kenan "gayyato abokinka" ba yau aka fara ba. Miliyoyin mutane suka shiga, kuɗin talla ya kasa ɗaukar su, a farkon 2001 aka rufe.

Swagbucks ya zo a 2008, Google Opinion Rewards a 2013. Waɗannan suna biya, amma ɗan kaɗan ne, na amsa tambayoyi.

Inda abin ya fi shafarmu shi ne wasanni. Wajen 2009, lokacin da FarmVille ke tashe a Facebook, aka yawaita wani tsari: maimakon ka sayi kuɗin cikin wasa, sai a jero maka ayyuka, ka sauke wata manhaja ko ka yi rajista a wani wuri, a ba ka lada. Daga baya tsarin ya dawo cikin waya. To ka tsaya ka gane yadda kuɗin ke tafiya. Mai sabon wasa yana neman 'yan wasa, sai ya biya dillali a kan kowane mutum da ya sauke ko ya kai wani mataki. Dillali ya cire nasa, manhajar da ta turo ka ta cire nata, ragowar ce ke isowa hannunka. Kuma mai wasan ba sadaka yake yi ba, jira yake ka kashe fiye da abin da ya biya. Shi ya sa za ka ga an ce ka kai mataki kaza cikin kwanaki kaza. Farko kamar shan ruwa, kana zuwa tsakiya sai wasan ya yi tauri, sai ka sayi wani abu kafin ka wuce. Shi ya sa kuma ladan ɗan Amurka ya fi naka nesa ba kusa ba, don an fi sa ran shi zai kashe kuɗi. Masu saka VPN su ce suna Amurka, galibi ranar cirewa ake kulle su.

Ƙorafi ya yi yawa. A 2011 Apple ya fara ƙin karɓar manhajojin da ke ba da lada don a sauke wata. A Janairun 2021 hukumar FTC mai kare masu saye a Amurka ta zargi Tapjoy, ɗaya daga manyan dillalan, da cewa mutane na gama aiki ba sa samun ladan da aka yi musu alkawari, har aka yi sulhu da sharuɗɗa.

Sai kirifto ya shigo, lada ya koma tsabar da kamfanin da kansa ya ƙirƙira. Axie Infinity na ƙasar Biyetnam ya yi tashe a 2021, musamman a Filifins, inda wasu suka mayar da shi sana'a. Amma kuɗin tsofaffin 'yan wasa daga sababbi yake fitowa. Da sababbin suka ragu, farashi ya faɗi. A Maris 2022 kuma 'yan kutse suka kwashe sama da dala miliyan 600.

Na kusa kam ka san shi. Notcoin ya biya a Mayun 2024, waɗanda suka shiga da wuri suka samu wani abu, labari ya bazu. Da Hamster Kombat ya zo, kowa ya afka: a majalisa, a cikin Adaidaita, a wajen mai shayi, yatsa na kan allo. Masu shi suka ce 'yan wasansu sun kai miliyan 300. Kai ma raba tuwo ɗaya ga wannan taron ka gani. Ranar 26 ga Satumba 2024 aka yi rabo, da yawa abin da suka samu bai kai kuɗin datar da suka ƙona ba. Ni ma fa na danna, ba zan ɓoye maka ba.

Yaron nan dai na sa masa sabon batir, da kuɗin aljihunsa ya biya. Yana karɓar wayar ya buɗe wasan a gabana, ya ce saura dala uku kacal.