Bayani Kan Binciken Ƙwayoyin Gadon Yis da Ba a San Aikinsu Ba

Yis da masu gidajen burodi da masu tuyar fanke ke zubawa cikin kwaɓi domin ya tashi, halitta ce mai rai, ƙanƙanuwa ƙwarai, wadda masana ke kira Saccharomyces cerevisiae. A wannan shafi za mu yi wa jama'a bayanin yadda ake gano amfanin ƙwayoyin gadonsa, wato umarnin da ke rubuce cikin sinadarin DNA, wanda ke tsara yadda halitta za ta rayu.

A shekarar 1996 aka kammala karanta DNA ɗin yis baki ɗaya, aka iske yana da ƙwayoyin gado kimanin 6,000. Da yawa daga cikinsu ba wanda ya san aikinsu. Dabarar da masana suka bi ita ce su cire ƙwaya ɗaya, su bar sauran, sannan su lura da abin da zai sami yis ɗin. Zuwa shekarar 2002, ɗakunan bincike na Amurka da Kanada da Turai sun yi wa kusan dukkan ƙwayoyin haka, ɗaya bayan ɗaya.

Sakamakon ya zo da abin mamaki. Kimanin kashi 19 cikin 100 ne kawai cire su ke kashe yis. Waɗansu kaɗan sun rage masa saurin girma, amma mafi yawa ko alama ba a gani ba. Sai dai mu lura, a cikin jin daɗi aka yi gwajin: abinci wadatacce, da ɗumi daidai na digiri 30. A waje kuwa yis na fama da zafi, da bushewa, da yawan sukari ko gishiri, da kuma barasar da shi kansa ke fitarwa.

Saboda haka ake gwada shi cikin wahala. Akan ɗiga yis da aka cire wa ƙwaya kusa da ɗan'uwansa cikakke, a kan faranti mai gishiri ko wani sinadari mai cutarwa, ko kuma a ɗaga zafin zuwa digiri 37. Idan na farkon ya kasa girma, sai a mayar masa da ƙwayar. In ya farfaɗo, an tabbatar ita ce dalili. Misali sananne shi ne HSP104. A 1990 Susan Lindquist da abokiyar aikinta a Jami'ar Chicago suka nuna cewa yis marar wannan ƙwaya yana girma lafiya ƙalau, amma idan aka fara ɗan ɗumama su biyun kafin a kai su digiri 50, sai ya mutu da yawa fiye da cikakken.

A 2008 masana a Jami'ar Stanford suka yi irin wannan gwaji fiye da sau 1,000 a yanayi iri-iri, suka ga kashi 97 cikin 100 na ƙwayoyin suna da amfani a wani yanayi. A ganinmu, wannan ne ya raunana zaton cewa yawancinsu kayan banza ne.

Duk da haka akwai wurin taka-tsantsan. Wata ƙwayar tana da tagwaiyarta da ke riƙe aikin idan an cire ta, wani lokacin kuma cirewar kan taɓa ta kusa da ita, a ɗora laifi inda ba nan yake ba. Har ila yau, yis na ɗakin bincike ya bambanta da na kasuwa.

Batun ya shafe mu ta fuskar zafi. Yis na galabaita idan zafi ya kai digiri 40, abin da ba baƙo ba ne gare mu a watannin Afrilu da Mayu, kuma masana'antun da ke sarrafa rake ko rogo zuwa man itanol sukan kashe kuɗi wajen sanyaya tankunansu. Har yanzu akwai ɗaruruwan ƙwayoyin gadon yis da ba a tantance aikinsu ba, ana kuma ci gaba da gwada su da zafi da gishiri da barasa.