Alƙawari Kaya Ne: Tarihin Manhajojin Saita Sadarwa a Tsarin Linux

Gabatarwa

Kowace kwamfuta tana da wani ɓangare na babbar manhajarta da ake kira kanel, wanda shi ne ke riƙe da ragamar na'urar kai tsaye. Shi ke magana da katin sadarwa, shi ke karɓar saƙo daga waje, shi kuma ke zaɓar hanyar da saƙo zai bi ya fita. Sauran manhajoji duk a waje suke zaune, ba su da ikon taɓa katin da kansu. Idan ana son a ba kwamfuta adireshi, ko a kunna katinta, ko a nuna mata hanyar fita zuwa intanet, dole ne wata ƙaramar manhaja ta tsaya a bakin ƙofa, ta miƙa wa kanel buƙata cikin sigar da ya sani. Fitattu daga cikin irin waɗannan manhajoji su ne ifconfig da ip. Tarihinsu na shekara arba'in ya ginu ne a kan ƙa'ida guda: duk sigar maganar da kanel ya taɓa yarda da ita, wajibi ne ya ci gaba da amsa ta, ko da daga baya an gane cewa an yi kuskure wajen tsara ta.

Asali a Berkeley

A shekarar 1979, bugu na bakwai na tsarin Unix ya zo da wata hanyar miƙa buƙata mai suna ioctl. Ƙofa ce ta gama-gari: duk umarnin da ba karatu ba ne kuma ba rubutu ba, ta nan ake tura shi zuwa ga na'ura. A 1983, Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka ta fitar da 4.2BSD, wani reshe na Unix wanda ya yaɗa ƙa'idojin TCP/IP a jami'o'i da cibiyoyin bincike. A cikinsa ne ifconfig ta fara bayyana, kuma ta ioctl take magana da kanel.

Abin da ifconfig ke miƙawa ya yi kama da fom mai gurabe ƙayyadaddu, sunansa ifreq. Gurbin farko na sunan katin ne, faɗinsa bait 16, kuma da yake bait na ƙarshe alamar ƙarewa ce, suna ba ya wuce harafi 15. Gurbi na biyu yana ɗaukar abu ɗaya a lokaci guda: ko adireshi, ko girman saƙo, ko alamomin halin da katin yake ciki. Waɗannan alamomi an ware musu bit 16, wato amsoshi goma sha shida na “e” ko “a'a”: a kunne yake, yana aiki, da makamantansu. A wancan zamani tsarin ya wadatar, domin kwamfuta ɗaya kati ɗaya ko biyu take da su, kowane kati kuma adireshi ɗaya yake buƙata.

Linux ya gaji fom ɗin

Linus Torvalds ya fara rubuta Linux a Helsinki ta ƙasar Finlan a 1991. Waɗanda suka gina masa ɓangaren sadarwa, irin su Fred van Kempen da Alan Cox, sun ɗauki umarnan ioctl na BSD kusan yadda suke, domin manhajojin da aka riga aka rubuta su yi aiki ba tare da wahala ba. An tattara ifconfig da route da arp da netstat a kunshi ɗaya mai suna net-tools, wanda daga baya Phil Blundell da Bernd Eckenfels suka kula da shi.

Ba a daɗe ba fom ɗin ya fara matsewa. Masu ajiye shafukan intanet suna son kati ɗaya ya ɗauki adireshi da yawa, fom kuwa gurbi ɗaya gare shi. Sai aka yi dabara: aka ƙirƙiri sunaye kamar eth0:1 da eth0:2, ana nuna su tamkar katuna ne dabam alhali kati ɗaya ne. Wasu bayanan, kamar yawan saƙon da ya shiga da wanda ya fita, kanel yana rubuta su ne a jere cikin wani fayil, ifconfig ta karanta ta tsinto lambobin. Wannan ya ɗaure hannun masu kula da kanel, domin ko sauya jerin lambobin suka yi, manhajojin da ke karanta fayil ɗin za su rikice. Ga kuma wata babbar tawaya: ioctl tambaya ce da amsa. Idan aka cire waya daga kati, kanel ba shi da hanyar sanar da kowa, sai dai manhaja ta riƙa dawowa tana tambaya. Da kwamfutoci masu bit 64 suka zo, girman fom ɗin ya tashi daga bait 32 zuwa 40, aka tilasta wa kanel riƙe wani tafinta na musamman domin tsofaffin manhajoji masu bit 32.

Zuwan netlink

Sauyin ya fito ne daga Rasha. Alexey Kuznetsov, ma'aikaci a wata cibiyar binciken nukiliya ta Mosko, ya sake fasalin ɓangaren zaɓar hanya na Linux, aikin da ya fito a Linux 2.2 cikin Janairun 1999. Daga nan kanel ya iya riƙe jadawalin hanyoyi da yawa, ya zaɓi hanya bisa asalin saƙo, ya kuma tsara wane saƙo zai riga wani fita. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai shiga fom ɗin 1983. Don haka Kuznetsov ya faɗaɗa wata hanya mai suna netlink, wadda Alan Cox ya fara kafa tushenta, ya mayar da ita hanyar musayar wasiƙu tsakanin kanel da manhajoji.

Hikimar netlink tana cikin yadda ake rubuta wasiƙar. Kowane bayani yana ɗauke da abu uku: tsawonsa, nau'insa, da abin da ya ƙunsa. Idan tsohuwar manhaja ta ci karo da nau'in da ba ta sani ba, sai ta duba tsawonsa ta tsallake shi. Ta haka ana iya ƙara sabon bayani ba tare da an rushe tsoho ba. Bugu da ƙari, kanel ya sami baki: yana iya shelar cewa kati ya mutu ko adireshi ya canza, duk manhajar da ta yi rajista ta ji nan take. Kuznetsov ya rubuta kunshin iproute2, mai ɗauke da ip da tc da ss, domin amfani da wannan hanya. A Yulin 2003 aka wallafa bayanin netlink a takarda mai lamba RFC 3549, kuma tun wajen 2004 Stephen Hemminger ke kula da kunshin.

Ƙofa biyu a gida ɗaya

Buɗe sabuwar ƙofa bai sa an toshe tsohuwa ba. Torvalds yana da doka da ya sha nanatawa da kakkausar murya: duk gyaran kanel da ya hana manhajar wani aiki, laifin gyaran ne, kuma janye shi za a yi. Dalilin a bayyane yake. Ƙungiya ɗaya ce ke rubuta kanel, amma dubban mutane ne ke rubuta manhajojin da ke magana da shi, kuma ba wanda ya san adadinsu ko inda suke aiki. Wayoyin Android, da kuma da yawa daga na'urorin rarraba intanet na gida da manyan kwamfutocin bankuna da kamfanonin sadarwa, a kan kanel na Linux suke tafiya. Manhajar saita sadarwa kuwa tana da wani haɗari na daban: idan ta lalace a kwamfutar da ke wani gari mai nisa, hanyar da za a bi a gyara ta ita ce ta yanke, sai mutum ya tafi da ƙafarsa.

Sakamakon wannan doka shi ne ifconfig ta ci gaba da aiki, amma ta daina faɗin cikakkiyar gaskiya. An fitar da net-tools 1.60 a Afrilun 2001, kuma ba a sake fitar da wani bugu a hukumance ba sai Janairun 2021. A tsakanin waɗannan shekaru kanel bai tsaya ba. Idan aka yi amfani da ip aka ƙara wa kati adireshin IPv4 na biyu ba tare da laƙabi irin na eth0:1 ba, ifconfig ba za ta nuna shi ba, ko da yake yana nan yana aiki. A 2006, Linux 2.6.17 ya ƙara sababbin alamomin halin kati, sai ga shi gurabe goma sha shida na asali sun riga sun cika. Alama ta goma sha bakwai ta netlink kaɗai ake ganin ta. A hankali masu rarraba Linux suka juya baya: Red Hat Enterprise Linux 7 na 2014 da Debian 9 na 2017 sun daina sanya net-tools cikin ƙaramin girkinsu na asali. Duk da haka umarnan ioctl suna nan cikin kanel har yau, ana gyara su, ana gwada su.

An maimaita wannan salo a wasu ɓangarori. Tsarin saita Wi-Fi da Jean Tourrilhes ya rubuta a kan ioctl a ƙarshen shekarun 1990 ya sami magaji a kan netlink mai suna nl80211, amma an bar tafinta domin tsofaffin manhajoji. A 2020, Linux 5.6 ya ba manhajar ethtool hanyar netlink a gefen ta ioctl. A wannan shekarar dai Linux 5.5 ya ba kati damar ɗaukar laƙabi mai tsawo har harafi 127, alhali sunansa na yanka yana nan a iyakar harafi 15 da aka yanke masa a Berkeley.

Netlink ma ta ɗauki nata kayan

Sassaucin da ya sa netlink ta yi nasara shi ne ya zama mata tarko. Shekara da shekaru kanel yana kau da kai daga duk bayanin da bai gane ba, da duk gurbin da bai fara amfani da shi ba. Wasu manhajoji suka riƙa barin tarkace a irin waɗannan gurabe, ba wanda ya tsawata musu. Da aka zo ana son ba gurabun ma'ana, misali a nemi kanel ya kawo hanyoyin kati ɗaya kawai maimakon na duka, sai aka tarar ba za a iya bambanta buƙata ta gaskiya da tarkace ba. Maganin da aka samu a Linux 4.20, cikin Disambar 2018, shi ne manhaja ta nemi a tsananta mata bincike da kanta; wadda ba ta nema ba a ƙyale ta kamar da. A 2019, Linux 5.2 ya wajabta tsananin a kan sababbin umarnai kawai.

Akwai wasu ramuka da duk mai kula da irin wannan manhaja ya sani. Idan ana cikin karanta dogon jadawali ya canza, kanel yana sa alamar cewa amsar ta gurɓata, dole a sake daga farko. Idan sanarwa ta yi wa manhaja yawa har ma'ajiyarta ta cika, wasu saƙonni suna zubewa, dole ta watsar da abin da take zaton ta sani, ta sake tambayar komai. Kafin 2017, idan kanel ya ƙi buƙata, lamba kawai yake mayarwa mai nufin “buƙatar ba daidai ba ce”, ba tare da faɗin inda kuskuren yake ba, Linux 4.12 ne ya ba shi damar haɗawa da bayani a rubuce. Ma'aunin yawan bayanan da suka wuce ta kati kuwa da farko bit 32 ne, wanda a layi mai gudun gigabit ɗaya yake cika ya koma sifili cikin daƙiƙa 34. A 2010 aka ƙara ma'auni mai bit 64, aka ajiye shi kusa da tsohon, ana aika su tare. Sai a 2023 aka fara rubuta bayanin wasiƙun netlink cikin sigar da na'ura za ta iya karantawa ta samar da manhajar fassara su da kanta, domin a rage kurakuran rubutun hannu.

Hanyar BSD

Zuriyar Berkeley ba su bi wannan tafarki ba. A OpenBSD, kanel da ifconfig a rumbu ɗaya suke, mutane ɗaya ke kula da su, kuma tare ake fitar da su duk wata shida. Idan fom ya matse, sai a sauya shi a ɓangarorin biyu rana guda. Shi ya sa ifconfig ta can ba ta tsufa ba: har yau ita ke saita Wi-Fi da sauran nau'o'in kati. Farashin wannan sauƙi shi ne ba a yi wa tsohuwar manhaja alƙawarin za ta yi aiki a kan sabon kanel ba, sai an sake harhaɗa ta. Linux ya zaɓi nauyin riƙe tsoho, OpenBSD ya zaɓi nauyin tilasta wa kowa tafiya tare, kuma kowane zaɓi ya dace da yadda al'ummar masu rubuta shi take.

FreeBSD ya tsaya a tsakiya. A Afrilun 2023, bugunsa na 13.2 ya shigo da netlink, aikin Alexander Chernikov, domin manhajojin da aka rubuta wa Linux su sami sauƙin aiki a kansa. A Nuwamban wannan shekara, bugu na 14.0 ya mayar da ifconfig da route da netstat suna amfani da ita.

Kammalawa

Shekara arba'in bayan 4.2BSD, ifconfig ta FreeBSD, jikar wadda aka haifa a Berkeley, tana magana da yaren da aka ƙera a Linux domin maye gurbinta, shi kuma Linux yana ci gaba da karɓar fom ɗin Berkeley mai gurbin suna na bait 16. Hausawa sun ce alƙawari kaya ne. Mafi yawan aikin masu kula da wannan iyaka ɗaukar kayan da wasu suka ɗaura ne tun kafin su zo, da kuma taka-tsantsan wajen ɗaura sabo, domin duk gurbin da aka buɗe yau, waɗansu ne za su yi dakonsa nan da shekara ashirin.