Idan Gini Ya Tsage: Tarihin Rigimar Kwangila a Maiduguri

A shekarar 1907 Shehu Abubakar Garbai ya baro Kukawa ya tare a Yerwa, wato Maiduguri ta yau, kusa da barikin da Turawan Ingila suka kafa a gefen kogin Ngadda. Sabon gari ne, komai nasa sai an gina: fada, masallaci, kasuwa, gidajen masu sarauta. Inda kuwa ake gini da yawa, ba a rasa mai gida da magini suna ja-in-ja.

Yarjejeniyar wancan zamani jinga ce ta baka. A tsaya gaban shaidu a faɗi tsawon katanga da yawan ɗakuna, a yanke kuɗi, mai gida ya ba da kafin alƙalami. Damina ta sauka, katanga ta zube, sai magana ta tashi. Bulama ne farkon wanda ake kai wa ƙara, in ta fi ƙarfinsa a je wa lawan, in ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a dangana da alƙali. Magini ya durƙusa ya ce, Allah ya gafarta malam, ruwan bana ne ya yi yawa. Mai gida ya ce a'a, kwaɓin ne bai tsumu ba. Sai a nemo wani tsohon magini da kowa ya yarda da shi, ya ɗauki tubali ɗaya ya fasa, ya murtsuke ƙasar a tafin hannunsa ya duba ko an sa mata ciyawa yadda ya kamata. Abin da ya faɗa shi ke raba gardama, kuma galibi a tashi da sulhu: magini ya sake ɗora katangar, mai gida ya ɗauki nauyin ƙasa da ruwa.

Borno ta daɗe da wannan. Limamin Mai Idris Alauma, Ahmad ibn Furtu, ya rubuta a ƙarni na 16 cewa sarkin ya ɗauke shari'a daga hannun masu sarauta ya miƙa wa alƙalai. Fiƙihun Malikiyya da alƙalan suka karanta ya ɗora wa mai sana'a lamunin abin da aka damƙa masa, ya kuma halatta tahkimi, wato masu jayayya su zaɓi mutumin da suka amince da shi ya yanke musu hukunci a kan dukiya, hukuncin ya hau kansu. Wanda ya ɗauka sasanci a wajen kotu baƙon abu ne da Turawa suka kawo, bai waiwayi wannan tarihi ba.

Abin da ya sauya shi ne girman aikin da nisan masu yin sa. A 1958 Bankin Duniya ya ba Najeriya rancensa na farko, dala miliyan 28, domin aikin jirgin ƙasa, aka ja dogo daga Kuru kusa da Jos, ya bi ta Bauchi da Gombe, ya iso Maiduguri a 1964. Kamfanin Stirling-Astaldi, gamayyar Turawan Ingila da na Italiya, shi ya yi aikin. Daga nan abubuwa suka biyo juna da sauri. Maiduguri ta zama babban birnin Jihar Arewa maso Gabas a 1967, kotunan alƙalai suka bar hannun En'e suka koma na gwamnati a 1968, aka kafa Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi a 1973, Jami'ar Maiduguri ta zo a 1975. A wannan shekarar ce kuma aka fara ba da lambar SAN ga manyan lauyoyi, Rotimi Williams da Nabo Graham-Douglas suka zama na farko.

Kamfanin da ya zo daga Roma ko Landan ba zai durƙusa gaban bulama ba, kuma yana ɗari-ɗari da kotun gwamnatin da ta ba shi aiki. Saboda haka manyan kwangiloli suka riƙa zuwa da wani sharaɗi can wajen ƙarshen takarda, wanda sau da yawa ba a karanta shi sai rana ta ɓaci: in an saɓa, masu sasanci za su zauna a gari kaza, a ƙarƙashin doka kaza. Najeriya ta shiga Yarjejeniyar New York ta 1958 a shekarar 1970, abin da ke nufin hukuncin da aka yanke a Paris ana iya zartar da shi a nan.

Aikin babban lauya a wannan fage bai yi kama da abin da ake gani a fim ba. Babu hular gashi, babu 'yan kallo. Ɗaki ne da dogon tebur, masu sasanci uku, kowane ɓangare ya zaɓi ɗaya sannan a samo na uku ya shugabanta. Makamin lauyan takardu ne: littafin da injiniya ke rubuta abin da ya faru kullum a wurin aiki, wasiƙar da ta ce a ƙara faɗin kwalbati, rasidin siminti kafin farashi ya tashi da bayan ya tashi. A tsarin kwangila na ƙungiyar injiniyoyi ta FIDIC, bugun 1999, ɗan kwangilar da ke neman ƙarin lokaci ko kuɗi sai ya sanar cikin kwana 28, in ya makara haƙƙinsa ya faɗi. Miliyoyi na iya salwanta a kan wasiƙa ɗaya da ta kwana a aljihun tebur. Tambayar da ake yi dai ita ce ta tsohon maginin nan, ruwa ne ko kwaɓi, sai dai yanzu injiniyoyi ne ke amsa ta da rahoto mai ɗaruruwan shafuka.

A Borno tambayar ta ƙara nauyi tun daga 2009. An bayar da aikin tagwaita hanyar Kano zuwa Maiduguri a 2006, kashi biyar, kafin rikicin Boko Haram ya mamaye yankin. Idan ma'aikata suka gudu, aka ƙone katafila, aiki ya tsaya shekaru, wa zai ɗauki asara? Takardun inshora na yau da kullum sukan cire yaƙi da ta'addanci daga abin da suke biya, sai wanda ya saye su daban.

Hatsarin yin irin wannan shari'a a ɓoye, nesa da masu dukiyar, ya fito fili a rigimar kamfanin P&ID. A kan kwangilar iskar gas ta 2010 da ba a aza ko tubali ɗaya ba, masu sasanci a Landan suka ci Najeriya dala biliyan 6.6 a 2017, kuɗin ruwa ya kai shi wajen biliyan 11. Sai a Oktoban 2023 Mai shari'a Robin Knowles ya gano an samu hukuncin ta hanyar zamba. Kuɗin talakawa ne aka kusa kwashewa a ɗakin da ba talakan da ya san da shi, kuma wannan abin takaici ne ƙwarai.

A gida kuwa an yi ƙoƙarin dawo da sasanci kusa. A zamanin Babban Joji Kashim Zannah, babbar kotun Borno ta buɗe zauren sasanci nata, cikin ƙofofinsa har da wadda aka raɗa wa suna Sulhu, domin masu son a daidaita su bisa tsarin Musulunci. A Mayun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar sasanci da ta maye gurbin ta 1988.

Inshora ce ta fi jan ƙafa. Dokar 2003 ta wajabta ta a kan duk ginin da ya haura hawa biyu tun ana cikin yin sa, da kuma gine-ginen da jama'a ke shiga, amma mutane da yawa a Arewa suna ƙyamar ta saboda shakkar riba da caca. Hukumar kula da inshora ta NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato inshorar Musulunci, a 2013 don kawar da wannan shakka. Duk da haka, da gobara ta cinye Kasuwar Monday ta Maiduguri a ranar 26 ga Fabrairu 2023, gwamnati 'yan kasuwa suka zuba wa ido, Gwamna Babagana Zulum ya sanar da tallafin naira biliyan ɗaya. Ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau, wadda aka gama a 1986 kuma ta taɓa jawo ambaliya a 1994, ta ɓalle. Ruwa ya shiga unguwannin Gwange da Fori na Maiduguri, ya shiga fadar Shehu, asibitin koyarwa da kasuwar da aka gama sake ginawa, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. A Fabrairun 2025 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 domin sake gina madatsar, aka ƙaddamar da aikin a farkon watan Maris.