Daga Gurbin Dara Zuwa Teburin Jarumai

Yaƙi cikin wasa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Dutse. Daga Garu har Kiyawa, duk inda inuwa ta samu bayan la'asar, ana iya tarar da dattawa biyu sun haƙa gurabe 30 a ƙasa, wannan da tsakuwa 12, wancan da guntayen kara 12, kowa na neman jera uku ya ci ɗan abokin karawarsa. A dara babu ɗan da ya fi wani, fifikon duka yana cikin kan mai wasa. Wasan yaƙin Turawa kuwa wata hanya ya bi, har ya iso inda kowane ɗa yake da suna da ƙarfi da kuma farashi.

Asalinsa aikin soja ne. A 1812 wani basarake na Purushiya, tsohuwar daular Jamusawa, mai suna von Reisswitz ya kai wa sarkinsu teburin kwaikwayon yaƙi. Ɗansa, wanda hafsan soja ne, ya gyara shi a 1824: taswira ta gaske, ƴan tubala ja da shuɗi a madadin runduna, alƙali mai yanke hukunci, da ɗan lido mai wakiltar sa'a. Da Purushiya ta ci Faransa a 1871, sai rundunonin wasu ƙasashe suka rungumi wasan.

Marubucin Ingila H. G. Wells ne ya shigar da shi cikin gida da littafinsa Little Wars na 1913, inda ake harbin sojojin dalma da ƴar igwar wasa. Fatansa wasan ya nuna wa mutane wautar yaƙi. Shekara ɗaya bayan haka Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke.

Jaruman littattafan zane sun shigo a makare. A 2002 kamfanin WizKids na Amurka ya fitar da HeroClix, ƙananan mutum-mutumi masu faifai a gindi, wanda ake juyawa duk lokacin da jarumi ya ji rauni. Dabarar kasuwar ta fi ta wasan kaifi: a rufe ake sayar da kwalin, mai saye bai san wa zai tarar ba, sai ya yi ta saye yana neman wanda ba a cika samu ba. A 2019 Atomic Mass Games ya kawo Marvel: Crisis Protocol. A nan mai wasa ne zai harhaɗa Spider-Man da hannunsa, ya shafa masa fenti, ya tanadi jarumai 10, sannan ya zaɓi kaɗan daga ciki gwargwadon makin da fagen ya ƙayyade.

A ganina ba tsadar dala kaɗai ce za ta hana wannan wasa zama a Dutse ba. Jera mutum-mutumi a falon Musulmi magana ce da malamai suka daɗe suna tattaunawa, kodayake masu sassauci kan kafa hujja da hadisin ƴan tsanan Nana A'isha, waɗanda har da doki mai fukafukai a cikinsu. Uzurin dai na yara ne, masu tara waɗannan kaya kuwa magidanta ne. Ga kuma ɗan lido, wanda a idon mutane da yawa ɗan'uwan caca ne. Dara ta tsira daga duka biyun, ba ta da fuska, ba ta da ƙuri'a.

Jarumai kam ba mu rasa ba. Tun 1934 Bello Kagara ya ba mu Ganɗoki, wanda ya kara da Turawa, ya kuma shiga duniyar aljannu, shekara huɗu kafin Superman ya fara bayyana a 1938.