Daga Hukumar Talifi Zuwa Rumfar Kasuwa: Yadda Rubutun Labari Ya Zama Sana'a a Ƙasar Hausa

Ba da labari tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, amma ba sana'a ba ce a asalinta, domin tsohuwar da ke yi wa jikokinta tatsuniya bayan sallar isha'i ba ta jiran lada daga kowa, ba kamar makaɗi ko maroƙi ba, waɗanda al'umma ta daɗe da amincewa cewa da bakinsu suke ci. Ƙagaggen labari a rubutun boko, wato labarin da marubuci ya ƙirƙiro da kansa ya tsara shi a zube, ya shigo ne ta ƙofar gwamnati, kuma sai da aka shafe kusan shekara 50 kafin ya sauka kasuwa ya zama abin da mutum zai ciyar da iyalinsa da shi.

Mafarin abin shi ne gasar da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin jagorancin Rupert East, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Imam, wanda aka haifa a 1911 a Kagara, malamin makaranta ne a Katsina lokacin da ya shiga gasar, haka ma wansa da Tafawa Ɓalewa malamai ne, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya dogara da cinikin littafi. Hukuma ce ke zaɓen abin da za a buga, ita ke biyan kuɗin ɗab'i, ita ke rarraba littattafan a makarantu, saboda haka mai karatun da ake rubutu dominsa ɗan makaranta ne da aka ɗora wa karatu. Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da Hukumar NORLA ta shekarun 1950, da kamfanin ɗab'i na NNPC da ya biyo baya a 1966, duk a kan wannan turba suka tafi, har zuwa gasar da ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina a 1980.

Abubuwa biyu masu karo da juna ne suka sauya wannan tsari. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976, tare da azuzuwan yaƙi da jahilci da gwamnatin Abubakar Rimi ta faɗaɗa a Kano daga 1980, sun samar da ɗimbin samari da 'yan mata da matan aure masu iya karanta Hausa da boko, waɗanda ba su da abin karantawa in ban da littattafan makaranta. A daidai lokacin kuma tattalin arzikin ƙasa ya durƙushe, darajar naira ta faɗi bayan shirin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka janye hannu daga duk littafin da ba ya cikin manhaja. Marubutan da suka daɗe suna aika labaransu gidajen rediyo, musamman shirin Shafa Labari Shuni na Rediyon Tarayya Kaduna, sun ga cewa idan suka tsaya jiran kamfani rubutunsu zai ruɓe a akwati, sai suka shiga buga shi da kuɗin aljihunsu a ƙananan maɗaba'u. Ana yawan ambaton Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed a cikin na farko-farko, sannan Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987 da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, yayin da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya tabbatar wa kowa, a farkon shekarun 1990, cewa littafin Hausa na iya yin kasuwa irin ta atamfa.

Siffar littafin kanta tana bayyana dabarar sana'ar. Ɗan ƙarami ne, an buga shi a takardar jarida mai arha, an ɗinke tsakiyarsa da waya, bangonsa ɗauke da zanen hannu, wanda daga baya hotunan 'yan fim suka maye gurbinsa. Maimakon a fitar da labari gaba ɗaya, sai a yanka shi kashi biyu ko uku ko fiye, a tsayar da kashi na farko daidai inda aka ɗaura wa yarinya auren dole ko aka gano asirin kishiya, a ce wa mai karatu a haɗu a littafi na biyu. Wannan yanka ba ado ba ne, lissafi ne na mai ƙaramin jari, domin cinikin kashi na ɗaya ne ke biyan kuɗin buga na biyu, kuma farashin kowane kashi bai fi ƙarfin matar da ke adana canjin cefane ba. A shafukan ƙarshe akan tarar da jerin godiya, da adireshin marubuci, da wasiƙun masu karatu da ke yabo ko ƙorafi a kan yadda aka yi da wata tauraruwa, ta yadda marubuci kan ji ra'ayin jama'a tun labarin bai kammala ba, abin da Hukumar Talifi ba ta taɓa tanadar wa marubutanta ba.

Ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama da Kukan Kurciya sun tsaya a matsayin kamfanin da babu shi, inda 'yan ƙungiya ke duba wa juna rubutu, su sa tambari ɗaya a bango, su jera sunayen littattafan junansu a ciki a matsayin talla. Sai dai hanyar da ke kai littafi hannun mai karatu ba ta hannunsu, tana hannun masu shagunan littattafai na Jakara da kasuwar Sabon Gari da kewayen Bata, waɗanda 'yan sari daga sauran garuruwan Arewa da Jamhuriyar Nijar ke zuwa wurinsu. Mai shago kan karɓi littafi bashi, ya biya bayan an sayar, wani lokaci a guntu-guntu, kuma marubucin da ya gaji da sintiri ko buƙata ta taso masa kan sayar da haƙƙin littafin ɗungurungum, mai shago ya ci gaba da bugawa iya son ransa. Ƙasa da su akwai masu ba da haya a unguwanni, inda matan aure ke aika yara su karɓo littafi na kwana ɗaya ko biyu, ta yadda kwafi guda kan zaga gidaje masu yawa, sunan marubuci ya yi nisa alhali aljihunsa bai shaida ba. A nan ne raunin sana'ar yake, kuma ba a ba shi muhimmancin da ya kamata ba a muhawarar da ta ɓarke a jaridu a shekarun 1990, wadda Ibrahim Malumfashi, da ake danganta laƙabin Adabin Kasuwar Kano da shi, da Abdalla Uba Adamu da Ibrahim Sheme suka yi fice a cikinta, domin ta fi karkata ga inganci da tarbiyya fiye da tambayar wa ke cin ribar.

Fim ya janye da yawa daga cikin maza marubuta tun tsakiyar shekarun 1990, fagen ya koma hannun mata irin su Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, wadda aka mayar da littafinta Ki Yarda Da Ni fim. Matsin hukuma ya biyo baya, inda a 2007 aka ƙona wasu littattafai a bainar jama'a a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin jihar, Hukumar Tace Finafinai ta jihar kuma ta nemi marubuta su yi rajista da ita.

Abin da ya durƙusar da rumfunan littattafai dai ba ƙuna ba ce, wayar hannu ce. Marubuciyar yau takan saki shafukan ɗanɗano kyauta a WhatsApp ko Wattpad ko Facebook, ta tsaya inda labari ya ɗau zafi, mai son ci gaba ta tura kuɗi ta banki ko katin waya, ta nuna shaidar biya, a saka ta a zauren waɗanda suka biya. An kawar da mai shago da kuɗin takarda, har marubuciyar da ke zaune a garin da hanyarsa ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga, kamar yadda ta sha faruwa a hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, tana iya isa ga masu karatunta ba tare da ta taka Kano ba. Amma mai haya ya dawo da wata kama, domin mutum ɗaya cikin zauren na iya kwashe littafin ya watsa shi kyauta, wasu tashoshin YouTube kuma su karanta shi da murya su karɓi kuɗin talla, da izini ko babu. Gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata zalla ta dawo da tsarin gasa irin na 1933, sai dai wasu daga cikin masu shigarta sun riga sun saba da masu karatun da ke biya kafin su ga shafi na gaba.