Hanya ɗaya ba ta isa ba: darasin Paul Baran

Jama'a, kun tuna 14 ga Maris 2024, muna cikin azumi, da intanet ya tsaya cak? Ka tura kuɗi ya ƙi tafiya, mai POS ya ce babu sabis. Igiyoyi huɗu ne na ƙarƙashin teku suka lalace a kusa da gaɓar Kwaddebuwa. Abin takaicin, tun shekara 60 kafin ranar wani injiniya ya riga ya faɗi maganin irin wannan.

Sunansa Paul Baran, ma'aikacin cibiyar bincike ta RAND a Amurka. Zamanin yaƙin cacar baka ne, tsoronsu shi ne Tarayyar Sobiyat ta harbo nukiliya kan manyan cibiyoyin tarho, sadarwar ƙasar ta mutu baki ɗaya.

Tunda ba a yin gwaji da bam na gaske, sai ya kwaikwayi harin a kwamfuta. Ya zana tashoshi 324, jeri 18 sau 18, ya haɗa su da layuka. Kwamfuta ta riƙa rusa wasu tashoshin ba zaɓe, shi kuma yana ƙirga nawa ne cikin waɗanda suka tsira har yanzu ke iya kaiwa ga juna. Ya ƙara layuka, ya maimaita.

Ga abin da ya gani. In layukan daidai-wa-daida ne, ɓarna kaɗan ta wargaza komai. Amma da ya ninka su kamar sau uku, sai ga shi ko an yi mummunar ɓarna yawancin tashoshin da suka rage suna haɗe. Ƙari bayan haka, amfaninsa kaɗan ne. Wato ba sai an kashe kuɗin duniya ba.

Ya wallafa sakamakon a 1964. Kamfanin tarho na AT&T ya ƙi ginawa. Amma dabararsa ta gutsuttsura saƙo kowane yanki ya nemi hanyarsa, wadda Donald Davies na Birtaniya ya gano da kansa a 1965, a kanta aka gina ARPANET a 1969, kakan intanet.

To mu koma gida. Igiya huɗu in duk ta wuri ɗaya suka bi, ai hanya ɗaya ce. Kafin a ce mu daina riƙe tsabar kuɗi, a mayar da albashi da asibiti kan intanet, wa ya zauna ya gwada: in wannan layin ya tsinke, me zai rage?

Allah ya sa masu tsara mana su ji.