Mahalbi, Burtu da Barewa

Jama'a masu karatu, yau tarihinmu na mahalba ne. Gamu tana cikin gundumar Gure, a jihar Damagaram. Ƙasa ce ta rairayi, inda gonakin gero ke iyaka da dajin makiyaya. A zamanin kakanninmu dajin nan cike yake da nama. Akwai barewa, akwai jimina da zabi. Can arewa kuma akwai mena da mariri.

Idan kaka ta yi, ciyawar daji ta fara bushewa, sai barewa ta shigo gona. Ganyen wake take nema, wanda aka shuka tsakanin gero. Manomi ya fito da safe ya tarar an yi masa ɓarna. Sai ya je wurin mahalbi.

Halbi sana'a ce ta gado. Mahalba suna da shugabansu, shi ne Sarkin Baka. Kayan aikinsu kwari da baka. Tsirkiyar baka ta fata ce ko jijiya. Kibiya ta kyauro ce, maƙeri ya sa mata kan ƙarfe. Ba ta da nauyi, ba ta zuwa nesa. Ƙarfinta yana ga dafi. Ana dafa ƴaƴan kwankwani har su yi kauri, a shafa wa bakin kibiya. Dafin nan in ya shiga jini, zuciya yake tsayarwa. In nama ya faɗi, sai mahalbi ya yi sauri ya yanka, ya yanke wurin da kibiya ta shiga ya yar.

To, tun da kibiya ba ta zuwa nesa, dole mahalbi ya matso kusa. Ga barewa da ido, ga kunne, ga hanci. Gudu kuwa ba a magana, har Bahaushe ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yaya za a yi?

Abu na farko, iska. Mahalbi ya ɗebi ƙasa ya saki, ya ga inda ƙura ta nufa. Sai ya tunkari nama ta yadda iska za ta bugi fuskarsa. In ta bugi bayansa, ta kai wa barewa warinsa, shi ke nan, ya koma gida hannu wofi. Abu na biyu, kara. Gero ya fi mutum tsawo, ya ɓoye shi. In iska ta kaɗa, ganye ya yi ta ƙara, sai ya yi taki biyu ko uku. In iska ta kwanta, shi ma ya tsaya cik.

In ya fito fili, sai dabara ta uku. Kun san burtu, baƙin tsuntsun nan babba mai tafiya a ƙasa yana tsintar fara da ƙadangare. Naman daji ya saba da shi, ba ya gudunsa. Mahalbi yakan ɗaura kan burtu a goshinsa, ya lulluɓa da baƙin zane, ya duƙa. Ya riƙa rarrafe yana kaɗa kai kamar mai kiwo. Barewa ta ɗago ta duba, ta ga burtu ne, ta ci gaba da cin wake. Haka har ya iso inda kibiya za ta kai. Wani lokaci ya yini cur, ya sami guda ɗaya, ko ya rasa.

Ku lura da wannan. Shekaru aru-aru ana halbi haka, nama bai ƙare ba. Dalili, baka ba ya kashe da yawa. Abin da mahalbi ya ɗauka, daji yana mayarwa.

Sannu a hankali zamani ya sake. Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi domin yaƙi. A 1899 sojan Faransa suka kama Zinder. Daga baya bindiga ta yawaita, mota kuma ta shigo daji. Mai mota ba ruwansa da iska ko burtu. Korar garke yake yi har su gaji, ya halbe goma a yini guda. Mutane suka ƙaru, aka sare daji aka yi gonaki. Sai ga farin 1973, sai ga na 1984, wanda ake kira El Buhari. Ciyawa ta ƙone, dabbar gida ta mutu, ta daji ma ta mutu.

Mariri, farin nan mai dogayen ƙahoni kamar takobi, shi ya fi shan wuya. A shekara ta 2000 masana suka bayyana cewa babu sauran ko ɗaya a dajin duniya, sai waɗanda ake kiwo a killace. A 2016 aka kwaso wasu daga ƙasar Larabawa aka sake su a dajin Cadi, suka hayayyafa. Mena kuwa, wadda ƙungiyar ƙwallon ƙasarmu ta ci sunanta, saura ƴan kaɗan a duwatsun Termit da Abzin.

Gwamnati ba ta zauna ba. A 1998 ta yi dokar farauta da kare namun daji. A 2012 ta keɓe gandun Termit da Tin Tumma, arewa maso gabas da Gure. Amma daji yana da faɗi, ma'aikatan gandun daji ba su da yawa. Idon mutanen ƙauye shi ne babban tsaro.

Saboda haka, in akwai tsohon mahalbi a garinku, ku je ku gaishe shi. Ku tambaye shi sunayen namun da ya sani, da sawunsu, da lokacin haihuwarsu. Yanzu kun iya rubutu, sai ku rubuta ku ajiye. In kuma kun ga baƙi da mota suna korar barewa, ku gaya wa maigari, don jikokinmu su gan ta da idonsu.